Jarka a Kan Marsandi

Na ɗora jarka a kan rufinta,
na rubuta lambar wayata a kwali.
Ban kira dillali ba.
Wanda ya san irin tarin da take yi da asuba
shi ya cancanci faɗin kuɗinta.

Shekara ashirin da shida tana ƙofar gidan nan a Jekadafari,
baƙa wuluk, sai ka ce an wanke dare an shanya.
Ran da na shigo da ita daga Kwatano
yaran unguwa har layi suka yi
don su ga haƙoransu a jikin ƙofa.

Na farko ya zo da tsinken sakace a baki,
ya shuri taya, ya ce, "Baba, tana shan mai."
Na ce tana sha.
Ai giwa ba ta kiwo da bakin zomo.

Na biyu Bulus ne, bakanike daga Tashar Dukku.
Inji kawai yake so, da fitilun gaba,
sauran a kai wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli.
Na ba shi ruwa ya sha,
na raka shi har bakin titi.

Ban ɓoye wa kowa aibinta ba:
na'urar sanyi ta daɗe da yin ritaya, ta riga ni ma,
gilashin baya na hagu ba ya sauka,
giya ta biyu sai da lallashi.
Abin da ban faɗa ba shi ne kujerar gaba,
inda Dudu ta jingina kanta
ran da na kai ta asibiti
na dawo ni kaɗai da mayafinta.
Har yau in rana ta dake ta, humra take tashi.

Sai ga Bappayo, malamin makaranta daga Kumo.
Bai shuri komai ba.
Ya tada ta, ya rufe ido,
ya saurara kamar mai jin karatu.
Tayinsa bai kai ba.
Amma fansho ya yi wata bakwai a hanya,
kwanon ɗaki yana yoyo.
Na ce na sallama.

Yanzu jarka ta koma madafa.
A ƙofar gida sai tabon baƙin mai
da akuyar maƙwabta ke shinshinawa.
Ɗazu na sa hannu a aljihu zan ɗauko carbi,
na ji ɗaya makullin.
Gobe zan aika masa.
Ko jibi.