Bencin 'Yan Aji Uku

Ranar Asabar, an sallame la'asar,
muke haɗuwa a firamaren Gagarawa,
mu bakwai, a ɗakin 'yan aji uku.
Bencin don ƙafar yaro aka yi shi,
gwiwata na dungurin tebur.
A jikin teburin wani ya karta da ƙusa:
"Hudu jaki ne."
Hudu kuwa ga shi a gefena, furfura ta ci rabin gemu,
ya karanta, ya gyara hula,
ya ce, "Wannan wani Hudun ne."

Malaminmu Tasi'u.
Ni na koya masa raba goma gida biyu
a nan ɗakin, shekara goma sha tara baya,
har na taɓa sa shi kamun kunne kan satar alli.
Yau allin na hannunsa da izini.
In ya ce, "Malam, an gane?"
sai in waiga, in ga wa ake nufi.

Kuɗin kwas buhun riɗi ne da rabi.
Na kai Maigatari ranar Alhamis,
dillali ya yagi nasa, mai mota ya yagi nasa,
saura na naɗe a takarda na miƙa.
Ya sa hannu biyu ya karɓa, idonsa a ƙasa.

Jarrabawar shiga digiri na biyu, in ji shi,
ba ruwanta da biro, a kwamfuta ake yi.
Tambaya ɗari, agogo na ci daga gefe
kamar gara a jikin dangar kara.
Kwamfutar ɗaya ce, tasa,
batirinta numfashin tsoho a kan tudu.
Mukan bi layi kamar masu jiran famfo.
Yatsan da ya saba da ƙotar fartanya
in ya danna sau ɗaya, sai ta ji uku.

Barira daga asibitin sha-ka-tafi take zuwa,
warin magani bai bar mayafinta ba.
Ita ke gama wa kafin kowa.
Ta ce, "Tambayar da ta ƙi ka, wuce ta,
ba mutuwa za ta yi ba, ka dawo ka same ta."
Ni kuwa ban iya barin kunya ba shara,
a ta tara nake tsugune lokaci ya ƙare.

Ran da aka zo ƙididdiga,
Tasi'u ya ce a kawo misali daga gida.
Hudu ya ce, "Bara buhu tara, bana uku."
"Matsakaici shida ke nan."
"To, ina ake zuwa karɓar cikon ukun?"
Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Da dare Sahura ke riƙe min tsofaffin tambayoyi,
'yar shekara sha biyu, fitilar sola a tsakaninmu.
Ba ta rangwame, ba ta san uba ba.
Ta lissafa, ta sake lissafawa.
"Baba, arba'in da huɗu cikin ɗari."
Uwarta daga ɗaki ta ce, "Daidai shekarunsa.
Ku bari ya tsufa, makin zai ƙaru."

Saura mako uku.
An ce Dutse za mu, tun asuba.
Ban san ko sunana zai fito ba,
riɗin dai ya riga ya tafi.

Litinin na koma gaban allo, ɗakin nan dai.
A kusurwa akwai wata alama da Tasi'u bai goge ba.
Wata yarinya ta ce, "Malam, wannan fa?"
Na ce, "Ni ma Asabar aka nuna min."

Sai na tambayi ɗan bencin baya bakwai sau takwas.
Ya yi shiru, yana ƙirga gaɓoɓin yatsu
a ƙarƙashin teburin da gwiwata ta sani.
Hannaye goma suna sama, ana "Ni, Malam! Ni!"
Na ce a sauke.
Na jingina da bango,
na jira shi.