Taraktar Arvid

Shekara goma sha tara tana kwance
a ƙuryar sito, bayan tulin itace,
'yar taraktar lambu, ja a da,
yanzu launin busasshen jini.
Ɓeraye sun haihu a kujerarta,
jikokinsu ma sun haihu.

Na jawo ta fili a watan Nuwamba,
ranar da ƙanƙara ta fara lulluɓe Minesota.
Tayoyi sun zauna, sitiyari ya ƙage.
Wendell Koskela ya leƙo ta kan shinge,
kofi a hannu, ya ce, "Dagny,
mai sayen tsohon ƙarfe zai ba ki dala arba'in."
Na ce ya ara mini sifana.

Hunturu guda na yi ina warware ta.
Noti na farko ya ci kwana uku,
ina ɗiga masa mai safe da yamma
kamar mai jinyar tsoho.
Na huɗu ya karye. Na zagi ƙarfe,
na zagi kaina, na je na kwanta.
Fistin ya manne da gidansa,
fetur ya daskare a kafireta kamar ƙaro.
Na jera ƙusoshi a kwalin ƙwai,
kowace da raminta,
don kaina ba ya riƙo kamar da.

A akwatin ƙarƙashin kujera
na tsinci littafin mahaifina,
rubutun fensir, shatin yatsa da giris a kowane shafi:
canjin baƙin mai, sabon bel, fulogi,
ranar shuka dankali, ranar tono.
Ranar haihuwata ba ta ciki.
Amma ga wannan: "Yuli. Lotsewa a goshi. Ni ne."

Ba shi ba ne.
Ina 'yar shekara tara na saci makulli,
na hau, ƙafata ba ta kai birki ba,
itacen tuffa ne ya tare ni.
Ya sauko da ni bai ce uffan ba,
ya shiga gida ya gaya wa Mama
wai rana ce ta kashe masa ido.

Samfefa ta cinye fatar yatsuna.
Na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari,
na fesa jan fenti sau uku.
Wendell ya zo da guduma zai fid da lotsewar,
na riƙe masa hannu.

Afrilu. Ƙasa ta saki.
Na cika tanki, na murɗa makulli.
Tari ɗaya, sai shiru.
Kwana shida muna abu guda:
batir sabo, wuta na zuwa,
kafireta kuwa a bushe ƙamas.
Wendell ya sosa ƙeya ya tafi cin abinci.

Na kwanta rigingine a kan siminti mai sanyi
ina bin tiyon mai da ɗan yatsa.
Tankin kaɗai ne ban taɓa saukewa ba.
Can bayansa, inda ido ba ya kaiwa,
wani ɗan famfon tagulla,
aikin hannu, ba na kamfani ba,
a rufe gam.
Na jawo littafin, na juya shafi:
"Agusta. Famfo bayan tanki. Saboda yarinya."

Shekara hamsin da biyu!
Mutumin nan ya daɗe da zama ƙasa,
har yau yana hana ni hawa.
Na yi dariya har hawaye ya gangara kunnena.

Na buɗe.
Inji ya yi gyaran murya, ya tofar da shuɗin hayaƙi,
sannan ya kama magana,
muryar nan da ke tashe ni kowace Asabar.
Kare ya ruga bayan sito.

Na bi ta gaban itacen tuffa a giya ɗaya.
Ya yi kauri, tabonsa na nan.
Ƙafata ta kai birki yanzu.

Da yamma na durƙusa na mayar da famfon yadda na same shi,
na lashi bakin fensir,
na rubuta a ƙasan layinsa na ƙarshe:
"Afrilu. Ta tashi. Ni ce."