Kunama a Ƙugu

Ranar Talata, ana yayyafi a Greensboro,
Darnel Whitsett ya turo ƙofar shagona da kafaɗa,
sanda a hannu, leda a hammata.
Ya ce, "Illiya, wannan zai ɗinku?"

Na baza shi a kan tebur.
Wandon aikin gadi ne, shuɗi mai duhu,
lambar kotu na maƙale a ƙugunsa har yanzu.
Huda ɗaya a sama, bakinta a ƙone,
ta biyu kusa da gwiwa, a wage kamar bakin tarwaɗa.
Shekara ashirin da shida ina kan keke,
daga Maraɗi har nan,
ban taɓa ganin allurar da ta bi wannan hanya ba.

Ya ce kofin shayi ne a damansa,
makullin mota a hagu.
Bindiga tana kubenta, a ɗaure, a rufe.
Ya zuro ƙafa zai fito, shi ke nan.
Sai ƙara.
Shayin ko zuba bai yi ba, in ji shi,
kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Kamfani ya turo lauyoyi huɗu
da wani injiniya mai furfura da tulin hotuna.
Suka ce: mun wurgo ta daga sama sau dubu,
mun sa ta a ƙanƙara, mun gasa, mun binne a yashi,
ko tari ba ta yi ba.
Ƙarfe ba shi da niyya.
Sai an taɓa kunama take harbi.

A garinmu ma haka ake cewa.
Amma ni na kwana a ɗakin
da wata ta faɗo daga azara
ta sami ƙanena yana barci.

Nomau mai tasi, da ke jiran a rage masa hannun riga,
ya yi ƙasa da murya, da Hausa, don kada baƙo ya ji:
"Kowa ya harbi kansa, bindiga ce.
Wa zai yarda yatsansa ya ci amanarsa?"
Loretta mai wanki ta leƙo daga maƙwabta:
ɗan 'yar'uwarta ɗan sanda ne a Burlington,
irinta ce a ƙugunsa shekara bakwai,
lafiya lau.
Darnel ya ce, "Tawa ma lafiya lau take,
har ranar."

Mutum goma sha biyu sun kalli hoton kyamara
sau talatin, gaba da baya.
Daidai wurin da ake so a gani
ƙofar mota ta tare.
Suka fito a rabe, alƙali ya rufe littafi.
Ba a ce ƙarya ya yi ba,
ba a ce gaskiya ba.

"Injiniyan ya ce wataƙila gefen rigata ne," in ji shi,
"ya zame cikin kube, ya ja ta."
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Bara, kafin sallah babba,
ni na ƙara wa rigar nan tsawo,
don ya ce tana fita in ya sunkuya.

Na sa ƙyalle ta ciki, na bi da zare siriri,
sama da ƙasa, har huda ta rufe baki.
Na ce, "Me za ka yi da tsohon wando?"
Ya ce Litinin zai koma aiki,
kuɗin asibiti ba ya jiran hukunci.
"Wace iri suka ba ka?"
"Irinta."

Na ce ya kawo rigar gobe.
Bai tambayi dalili ba, ban faɗa ba.
Zan yanke mata yatsu uku,
in ninke, in danne, in bi sau biyu,
ba zan karɓi ko sisi ba.

Ya fita yana jan ƙafa a kan jiƙaƙƙen titi.
Nomau ya ce, "To, wa ke da gaskiya?"
Na lashi zare, na nemi kafar allura.
Hannuna, da ban taɓa zargi ba,
sai da ya kuskure sau uku.