Kiwon Garken Silin

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
An ɗauke wuta, janareta ya karɓa da tari,
ni da shayin da ya huce
da takardu uku a kan tebur.

Garkena dubu ɗaya da ɗari huɗu ne:
fararen akwatuna maƙale a silin,
a laburare, a ɗakunan kwanan ɗalibai,
ɗaya can bayan tsangayar dabbobi
da zanzaro ya yi wa gini a kunne.
In ɗaya ya mutu, babu ungulun da za ta nuna mini wurin,
sai dai waya ta yi ƙara:
"Injiniya Tanimu, waifai ya ɗauke,
gobe kuma ake rufe rajista."

Shekara tara ina kiwon nan da ƙafa,
tsani a kafaɗa, tocila a baki.
Yanzu gwiwa ta fara kai ƙarata,
jami'a ta ce in zaɓi sanda.

Na farko daga Legas ya zo, cikin kwat,
ya haska mana taswira a bango,
kowane akwati ɗigo kore shar, kamar fadamar alayyafo.
Ya ce manhajarsu a gajimare take zaune.
Na ce mu nan in gajimare ya haɗu
tsawa yake saukewa,
bara ma goma sha bakwai ta ƙone mana.
Aka yi dariya.
Da ya zo kan kuɗi, da dala, duk shekara, a kan kowane kai,
Madam Kazah ta ofishin kuɗi
ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Ba ta ce uffan ba, kowa kuma ya ji.

Ta biyu kyauta ce,
irin kyautar ɗan maraƙi:
kai ne nemo dusa, kai ne kwana a kansa in ya yi zazzaɓi.
Yarona Barau ya mutu a kanta,
dare uku ya girka ta a tsohuwar uwar garke.
Na ce, Barau, ran da Abuja ta kira ka
da albashi ninki uku,
wa zai karanta abin da ka saƙa a ciki?
Ya sosa ƙeya.

Ta uku tare da akwatunan ta zo,
ba ta jin yaren kowa sai na 'yan gidansu.
Namu garken kuwa haɗin gambiza ne,
kowane shugaba da ɗan kwangilarsa,
kowane ɗan kwangila da irin da ya kawo.

Ni dai abin da nake nema bai kai shafi ba.
Ta gaya mini wanda ya faɗi kafin ɗalibai su gaya mini.
Ta bambance mini mutuwar akwati
da ɓarnar ɓera a kan waya.
Kar ta tashe ni sau arba'in saboda ƙyaftawar lantarki
har in daina yarda da kukanta.

Ina tsoron zaɓen tumun dare.
Saboda haka na rubuta wa kwamiti layi huɗu:
a ba kowacce gini guda,
a bar su su ci damina tare da mu.
Wata Laraba, ba tare da na faɗa wa kowa ba,
zan hau tsani in zare waya ɗaya a kowane gini,
in sauko in zauna, in zuba wa agogo ido.

Na kashe fitila, na fito.
A kan dakalin ofis ga wata yarinya
lulluɓe da zane saboda sauro,
kwamfuta a cinya, fuskarta shuɗi da haske.
Ta ce, "Yi haƙuri Baba, nan ne kawai yake kamawa,
babi na huɗu nake turawa."

Na ɗaga kai na dubi akwatin da ke samanta.
Kore.
Na ce, tura, 'yata.
Na tsaya har ya tafi.