Gonaki Bakwai na Fortunata

Motar Kusko ta sauke ni inda hanya ta gaji,
a kan duwatsun da numfashi sai an roƙe shi.
An aiko ni da irin dankali guda, mai auki,
da lissafi a takarda:
cikin shekara goma, tara rumbu zai yi amai,
ɗaya tak ce ta asara.

Fortunata Huillca ta saurare ni tana kaɗi,
mazari bai tsaya ba, ulu na bin yatsunta.
Ta ce, "Yaro, wacce ce ɗayar?
Faɗa mini ranar zuwanta in yi mata shimfiɗa."
Na duba takarda.
Takarda ta yi gum.

Gonakinta bakwai, babu mai faɗin kirki.
Ɗaya a kwari, bakin rafi, inda masara ke yarda,
ɗaya can ƙoli, inda ciyawa ma ke fitowa a tsorace,
saura a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba.
Na ce, wannan ai ƙafa ce ke ƙarewa a hanya.
Ta ce, "Ƙanƙara ba ta da ƙafa bakwai.
In ta sauka a kwari, tudu na barcinsa.
In ɗari ya ƙone tudu, kwari bai ji labari ba."

Ta kwance bakin mayafi, iri ya zubo:
baƙi, ja, mai zane, mai ƙusumbi,
wani kamar tafin kyanwa.
Ta ɗaga wani ɗan mummuna.
"Wannan ɗaci gare shi, ba mai marmarinsa.
Amma ranar da kyawawan suka kwanta,
shi kaɗai na tarar a tsaye."

Kafin asuba ta tashe ni, sanyi na yankan kunne,
muka hau tsauni duban Kaza da 'ya'yanta.
In sun fito garau, ruwa zai zo kan kari.
Ranar sun fito a dusashe, kamar an hura musu hayaƙi.
Ta daɗe tana kallo.
"Bana sai an jinkirta shuka."
Na'urar da ke aljihuna ba ta musa ba,
ba ta kuma gaskata ba.

Da hantsi na ga aikin da ban karanta ba:
dankalin da aka shanya wa daren ƙanƙara ya daskare,
ita da jikarta Hermelinda suna tattaka shi da ƙafa tsirara,
ruwan na fita, rana na lashewa,
har ya koma baƙi, ƙanƙani, sakayau.
Cunyo suke ce masa.
A ƙuryar ɗaki akwai buhun da ya shekara takwas
yana jiran ranar da ba a fata.

Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
"Shekarar da na binne Eleuterio, watansa biyar,
rediyo ya ce lardinmu ya yi albarka.
Gaskiya suka faɗa.
Albarkar ce ba ta san ƙofata ba."

Ban sake buɗe jaka ba.
Ita ce ta miƙo hannu ta ɗebi irin nawa, cikin tafi ɗaya,
ta juya shi, ta sansana.
"Baƙo ne. A ba shi gefen gona ta uku.
In ya yi damina biyar bai ci amana ba,
ni da kaina zan raɗa masa suna."

A mota na zaro takardar ofis.
Gida biyu aka zana: ta karɓa, ta ƙi.
Alƙalami ya yi ta shawagi tsakaninsu
har muka wuce gada.
Na sa hannu a aljihu neman kuɗin mota,
na ji wani abu mai tauri, marar nauyi.
Ban san lokacin da ta jefa mini shi ba.