Bencin Baya

A aji huɗu, firamaren Mabera,
ni ne na bencin baya, jikin taga.
Bashar aka raɗa mini ran suna,
amma Kan Kabewa ya bi ni har gida.
Allo a wurina hayaƙi ne,
alli ya ratsa shi, fari-fari, ya ɓace.
Na ɗauka haka kowa ke gani,
su dai kai suka fi ni.

Sai ga Malama Luba.
Siririya kamar sillen kara,
farin idonta ya ja ruwan ɗorawa.
Kabu-kabu ke sauke ta gindin dogon yaro,
jaka ɗaya, laima ɗaya,
da gorar ruwan da ba ta rabo da ita.

Wata Talata, rana ta take,
kwanon rufi na ƙas-ƙas don zafi,
ta rubuta bakwai, na ce ɗaya.
Aji ya kece da dariya.
Bulala na kan tebur, ba ta dube ta ba.
Ta tako har baya, ta durƙusa,
ta jera kanta da nawa,
ta kalli allon daga inda nake kallo.
Ta ce, "Taso. Matso. Ƙara matsowa.
To, yanzu mi kag gani?"
Na ce, "Bakwai."
Ta juya ga aji, muryarta ƙasa-ƙasa:
"Wanga yaro ba daƙiƙi na ba,
allo na yay yi mai nisa."

Wata biyu albashi bai zo ba,
duk da haka ta kai ni wurin likitan ido.
Ta ce wa babana makaranta ta biya.
Sai da na yi gemu
tsohuwarta ta ce mini kwasar adashinta ce.

Ranar da na sa tabarau na fito
na tsaya bakin titi kamar baƙo.
Ashe dogon yaro ganye gare shi, ɗaya-ɗaya.
Ashe akwai tsaga uku ƙanana
a kuncin uwar da ta haife ni.
Da dare na hau katanga
na ƙirga taurari har wuyana ya ƙage.

Ciwonta da damina yake zuwa.
In hadari ya haɗo daga gabas
mu yara murna, ita tana murza gwiwa.
Amosanin jini, in ji manya.
Takan ɓace mako guda, ta dawo da murmushi
da tabon allura a bayan hannu,
ta ce, "Ina muka tsaya?"

A watan Agusta ba ta dawo ba.
Shekara ashirin da takwas.
Gulbin Rima ya cika ya batse a makon,
gero ya fid da kai, kasuwa ta ci,
ba abin da ya tsaya.
Na ji haushin hakan, Allah ya yafe mini.

Ƙanenta ya kawo littattafanmu cikin kwali,
rabi ta duba, rabi ba ta kai ba.
Nawa na cikin na farko.
Da jan biro, hannu na rawa:
"Tara cikin goma. Ɗayan gaggawa ce."

Yau na girme ki, Malama.
Da shekara goma sha uku na girme ki,
furfura ta fara leƙowa,
tabarau na shida ke kan hancina.
Na farkon na nan, ƙafa ɗaya ɗaure da zare.

Ni ma alli nake ci, a Gidan Igwai.
Duk sabon zango, kafin in kira suna,
nakan taka har bencin baya in durƙusa.
Yara na dariya, ba su san dalili ba.
Bara na samu biyu. Bana wata Nasmatu,
ita kunne ne, ba ido ba.

Ya Allah, baiwarka Luba,
wadda ta matso da ni kusa da allo,
ka matso da ita kusa da rahama.
Ka haskaka mata inda take kwance.
Ɗayan da ya rage, Malama,
har yau ina gyarawa.