Ƙirga a Tudun Montesinho

Kwana uku ne rabon kowane fili.
Ran na huɗu, kafin ƙararrawar cocin Aveleda ta buga bakwai,
nakan kashe batir, in tuge turaku,
in naɗe ragar lantarki, in saɓa a kafaɗa,
in hau gaba da taku ɗari.
Awaki ke shiga farko, su da sarƙaƙiya sun san juna.
Tumaki na biye, kai a ƙasa,
suna aske abin da masu gemu suka raina.

Amadeu, da kana raye da ka yi dariya.
Kai da kake sakin garke daga rafi har iyakar Sifaniya,
ba ka taɓa yi wa ciyawa lissafin kwana ba.
'Yarka Graciete ce ta zo da littafi da biro:
Mama, filin da aka ci a bar shi kwana arba'in,
tsutsar ciki ta gaji da jira ta mutu,
saiwa ta huta, kashin dabba ya zama toho.
Na ce mata ƙasa ba mai jego ba ce.
Bana ga ciyawa har gwiwata
inda bara sai tsakuwa.
Ban ce ta yi gaskiya ba. Ta gani a nauyin cuku.

Karnuka biyu gare mu.
Farrusco, tsoho, kunne ɗaya a yage,
sai Bolota, da aka sa a garke tana wata biyu,
ta tashi da warin tumaki a hanci,
ba a goya ta, ba a kira ta bakin murhu ba.
Ba ta kora, ba ta tarawa.
Tana nan dai,
dutse mai numfashi a tsakiyar garke.

Ran Talata na sauya fili cikin yayyafi.
Na ƙirga a bakin raga: tamanin da shida.
Na sake. Tamanin da shida.
Da bakwai ya kamata.
Na zuba abinci kwano biyu, ɗaya aka taɓa.
Na kira Bolota har maƙogwaro ya bushe.
Na ce ƙuruciya ce, ta bi ƙamshin barewa.
Na zage ta. Allah ya gani, na zage ta.
Na kwana ina jin Farrusco na haushi,
wani can ƙasa yana amsa masa,
na ɗauka dutse ne ke maido da muryarsa.

Da asuba na sauka tsohon fili,
inda ba raga, ba wuta, sai guntun ciyawa da raɓa.
Gindin bishiyar nan da tsawa ta tsaga,
tunkiya mai baƙin tabo a ido tana tuƙa,
ɗanta na tsotso, ƙafafu na rawa.
Bolota kwance, ta ba su baya, fuska ga daji.
Laka ta rubuta sauran labarin:
sawun kerkeci, ba na ɗaya ba,
sun zo, sun zaga, sun sake zagawa,
sun koma.
Jini a ƙusoshin abin wuyanta.
Ba duka ne nata ba.

Ba ta kaɗa mini wutsiya ba.
Ta dube ni, ta dubi ɗan ragon,
kallon wanda ya gaji da jiran canji.

Na rungume shi cikin rigar sanyi,
uwar na bin dugadugina da kuka,
ita kuwa can baya, tana ɗingishi,
taku uku ta waiwaya, taku uku ta waiwaya.
A bakin raga na sake ƙirgawa.
Tamanin da takwas.

Da dare Graciete ta miƙo littafi:
fili na tara, an bar shi Talata,
a dawo bayan arba'in.
Na rubuta yadda ta ce.
A ƙasa, da karkataccen rubutuna, na ƙara:
Bolota ta bar shi Laraba.